Ƙofar da Hajj Mamduh Ya Hana Mu Buɗewa

Har yau ban manta da ranar da motar Hajj Mamduh ta shigo garejinmu karo na uku ba. Lokacin ina bakaniken manyan motoci a wani gareji da ke bayan Hayyin Ashir, kuma ni kaɗai ne baƙo a cikin ma'aikatan, ɗan Maraɗi a tsakiyar Misirawa.

Ga waɗanda ba su sani ba, irin motar nan ce mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki. Birkinta da iska yake aiki, ta cikin siraran tiyo da suka bi ƙarƙashinta. In tiyo ya huje iska ta zube, birki ya kama, mota ta tsaya cak ko a tsakiyar gada ne. Yadda muke neman yoyo kuwa, a cika tankin iska, a fesa ruwan sabulu, a duba inda kumfa ta taso.

Sau biyu ina canza duk mahaɗar da hannuna ya kai, sau biyu motar tana dawowa. Sautin yoyon ina jin sa a saman tankin ruwa, wurin da ko yatsa ba ya shiga. Hanya ɗaya ce, a shiga ciki a ɗaga katakon ƙarƙashin gado. To nan fa ake yin ta, domin Hajj Mamduh, dattijo mai gajeren haƙuri, ya kulle ƙofar ya jefa makulli a aljihu.

"Daga ƙasa za ka gyara, ya usta. Ciki babu shiga, khalas, magana ta ƙare."

Usta shi ne yadda suke kiran mai sana'a a can. Ya ja kujera ya zauna yana kallon hannuna. Da kunnena na ji yana gaya wa mai garejin, Mu'allim Sabri, wai ni nake barin wani wuri a sake don motar ta riƙa dawowa. Mu'allim ya ja ni gefe.

"Usta Sani, in ta sake dawowa, nemi wani wurin. Ba ni da abin da zan ce masa kuma."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ni ma zargi ya cika ni. Me mutum zai ɓoye a ƙarƙashin gado da har zai gwammace birkinsa ya kama a hanya? Labulen tagogin kullum a sauke. Na ce a raina, in wani mugun kaya ne aka kama, kowa ya san baƙon da ya taɓa motar za a fara ɗauka.

Na ajiye sifana na ce masa, "Ya Hajj, ko ka buɗe, ko ka ɗauki motarka. Ba zan sa hannu a birkin da ban ga ciwonsa ba."

Ya daɗe yana hararata. Sannan ya ce ni kaɗai zan shiga, kuma in cire takalmi.

Babu wani mugun kaya. Keken marasa lafiya ne a naɗe, da ledar shimfiɗa, da ƙarfen dafawa a gefen gado. A nan ya gaya mini matarsa ce ta samu shanyewar ɓarin jiki, ba ta son kowa ya sani, shi kuma yana kai ta bakin teku ta sha iska. Ƙarfen da kansa ya ɗaura, don kada wani ya shigo. Da na ɗaga katakon, sai ga tsinin sukuru ɗaya ya ratsa ƙasa yana gogar tiyon duk lokacin da mota ta faɗa rami.

Na nuna masa. Ya zauna a bakin gadon ya dube ni.

"Ni na yi? Tana ciki fa duk tafiyar nan."

Tausayinsa ya kama ni. Na yanke inda ya huje, na sa mahaɗa, na karkatar da tiyon, na canza sukurun da gajere. Da muka fito Mu'allim ya tambayi abin da na gani, na ce tiyo ne ya goge, ban ƙara komai ba. Motar ba ta sake dawowa ba, ni kuma na ci gaba da aikina.

Ku masu tasowa, in yoyo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ku tambayi mai mota abin da ya ɗaura a ciki. In ya ƙi buɗe ƙofa kada ku yarda ku gyara birki a makance, amma kada ku yi saurin cewa mugu ne. In kuma ya buɗe muku, abin da kuka gani a ciki ku bar shi a ciki.