Babi na Huɗu na Malama Yagana

Duk abin da zan manta a shekarun da na yi ina koyarwa a sashen harsuna, ba zan manta da ranar da Malama Yagana ta zauna kare kundin digirinta na biyu ba. Wata Laraba ce cikin damina, an kwana ana ruwa, sai da na naɗe ƙafar wando kafin na samu keke napep daga unguwar Wulari.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, idan ɗalibi ya gama rubuta kundi, jami'a kan gayyato babban malami daga wata jami'ar ya karanta, sannan ya zo ya yi masa tambayoyi baki da baki a gaban shugaban sashe. Malamin da ya duba aikin, wato ni a ranar, zai zauna a gefe amma doka ta ɗaure masa baki. Kuma da Turanci ake komai, ko da kundin a kan Kanuri yake. Ku da kuka san bakina ba ya iya shiru, sai ku ƙiyasta halin da nake ciki.

Yagana malamar firamare ce a Dusuman. Ajinta cike yake da yaran da rikici ya koro iyayensu daga ƙauyuka: ga mai jin Kanuri kaɗai, ga ɗan Shuwa, ga Margi, ga Bura. Ta lura malaman wurin suna da wata dabara da ba wanda ya koya musu. Sai su zaunar da yaron da ya iya Hausa kusa da ɗan garinsu da bai iya ba, malama ta yi bayani, shi kuma ya juya wa ɗan'uwansa da harshen gida. Idan mai duba makarantu ya zo, sai kowa ya kama bakinsa, a koma Turanci. Wannan dabarar ta bi aji-aji ta rubuta, ita ce babi na huɗu. Sauran babukan maganganun Turawa ne da kowa ke kwasowa. Na huɗun nan shi ne nata, shi ne kundin. Kuma hutun karatun da aka ba ta ya ƙare. In aka ce ta sake aikin, to digirin ya tafi ke nan.

Mai jarrabawar wani dattijo ne daga kudu maso gabas, Farfesa Obinna, gajere mai furfura, ga shi da kallo ta saman tabarau. Yagana ta shigo cikin lafayarta, ta rage tsawo ta gaishe shi, ta zauna a bakin kujera idonta a ƙasa. Tambayoyin farko ta amsa su tsaf. Har na fara gyara zama ina jin kaina.

Da aka zo babi na huɗu sai Farfesa ya tsuke fuska. Ya ce shi bai ga wani littafi da ya goyi bayan wannan magana ba. Ta ce haka ne. Ya ce abin ya fi kama da hirar ɗakin malamai, ba bincike ba. Ta ce haka ne. Ya ce ashe ke nan in an cire babin gaba ɗaya ba a yi asara ba? Wallahi yarinyar nan ta ƙara sunkuyar da kai ta ce duk yadda ya gani daidai ne.

Raina ya ɓaci. Na san Farfesa taɓa ta yake ya ga ko za ta tsaya wa aikinta, haka aikin yake. Amma na san gidan da ta fito. A wurinsu sa'an mahaifinka ba ya magana ka ce masa ba haka ba ne, balle baƙo, balle malami. Amsar tana cikinta, ni shaida ne, don mun sha yin musu da ita a rubuce. Na yi gyaran murya, shugaban sashe ya harare ni. Na sake yi, ya nuna mini ƙofa da biro. Sai na haɗiye, ina ta karkaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Can sai Farfesa ya cire tabarau, ya ce mata wushe, wato sannu da Kanuri, ya kama Hausa tangaram, irin ta 'yan kasuwa. Duk muka saki baki. Ashe a garin nan aka haife shi, mahaifinsa yana da shagon atamfa a Kasuwar Litinin, a bayan kantar shagon ya girma. Ya tambaye ta ko a gidansu akwai mai sana'a. Ta ce mahaifiyarta turaren wuta take haɗawa ta sayar.

"To 'yata, in wani babban Alhaji ya zo ya yi wa turaren nan tayin wulaƙanci, miƙa masa take yi don yana da furfura?"

Ta ce a'a, albarka take cewa. Ya ce shi Alhajin yakan ji an raina shi? Ta ce ina, ai ciniki ne.

"To ni ma ciniki na zo. Babin nan kayanki ne, na taya, kuma na san tayin bai kai ba. Me kika ce?"

Ta ɗan jima tana murza bakin lafayarta. Sannan a hankali, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Albarka, Baba."

Daga nan kuma sai magana ta ɓalle. Ta ce littattafan da yake nema an rubuta su ne a kan azuzuwan da yara ke jin harshe ɗaya ko biyu, nata ajin kuwa harsuna sun fi yatsun hannu ɗaya. Ta faɗi yadda ta zauna a bayan aji zango guda, yadda ta gwada karatun yaran kafin dabarar da bayanta, da inda ita kanta take shakkar sakamakon. In Hausa ta ƙi sai ta jefa Kanuri, Farfesa yana gyaɗa kai. Ya sake rage tayi, ta sake cewa albarka, ta kawo hujja. A wuri ɗaya ya kama ta da gaske, ta yarda za ta gyara, kuma wannan yardar daban take da ta farko.

Shugaban sashe, wanda mutumin kirki ne amma doka ta fi masa abinci, ya tuna mana cewa da Turanci ake jarrabawa, abin da aka faɗa da Hausa ba zai shiga rahoto ba. Farfesa bai yi musu ba. Ya mayar da tabarau, ya maimaita tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya da Turanci, fuska a murtuke kamar bai taɓa ganinta ba. Ta amsa su duka da Turanci mai kyau, har da inda ta ce masa ba ta yarda da shi ba. Aka ba ta digiri da 'yan gyare-gyare, babi na huɗu yana nan daram.

Da muka fito ta tare shi a baranda, ta durƙusa tana neman gafarar musun da ta yi masa. Dattijon ya yi dariya har da share ido, ya ce rabon da ya ji daɗin ciniki haka tun yana yaro.

Ni dai abin da na ɗauka a ranar shi ne, shekaru muna koya wa ɗalibai Turancin rubutu da na amsa tambaya, amma ba mu taɓa tambayar kanmu da wane harshe yaron Borno zai iya ce wa babba a'a ba tare da ya ji ya zubar da tarbiyyar gidansu ba. Mu a ɗakin nan shiru jahilci muke ɗaukarsa, "haka ne" kuwa mu rubuta ta a matsayin amsa. Ku da za ku zauna a kujerar nan bayanmu, in ɗalibi ya cika yarda da ku, ku tsaya ku bincika. Yagana ta ci sa'a ta haɗu da ɗan mai shagon atamfa. Har yau nakan tuna kundayen da na sa wa hannu bayan an cire musu babi, kuma ban san ko nawa ne a cikinsu masu su ke da gaskiya ba, ladabi ne kawai ya hana su faɗa.