Ɗiyata da Ƙaiƙayin Shinkafa

Na sha wuya a waccan shekarar, wuyar da ba zan manta ba har in koma ga Allah. Ni manomin shinkafa ne a Kende, ban san wata sana'a ba. Ɗiyata ta fari kuwa ba ta jituwa da shinkafa.

Duk shekara da an fara yanka da sussuka, sai jikinta ya feso da ƙuraje, idanu su kumbura, ƙirji ya riƙa kuka kamar 'yar mage. Mun yi jiƙo, mun yi turare, abin sai gaba. Tana da shekara huɗu, wata rana da hantsi ta biyo uwarta masussuka kawo mini fura. Ina tsaye ina kallo numfashi ya sarƙe mata, ta sulale ƙasa. Ko takalmi ban sa ba na hau babur da ita sai asibitin Bagudo.

Bayan ta farfaɗo, ma'aikaciyar asibitin ta tambaye ni, "Malam, wane lokaci aka haife ta?"

Na ce, "Da kaka, muna tsakar yanka."

Ta ce tana yawan ganin haka ga yaran da aka haifa da kaka ko da sanyi. Jariri na ƙunshe a ɗaki, ga hayaƙin itacen wankan jego, ga ƙaiƙayi ko'ina cikin gida. Ba ta ce shi kaɗai ne dalili ba. Ta dai ce mu nisanta ta da sussuka.

To ina zan kai ta? Garin gaba ɗaya masussuka ne.

Da la'asar yayata ta iso. Tana aure ƙetaren iyaka, cikin Benin, inda masu kiwo suka fi yawa. Ta dubi yarinyar, ta dube ni.

"Ba ni ɗiyar ga. Mi kake jira, ka gina mata kabari?"

"Yaya, ita ke tarbata in na dawo gona."

"To so ta daga nesa, tana numfashi."

Can ta girma, lafiya lau. In ta zo yanzu, sai ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙo, yaren Dendi na can ya fi Hausa zama a bakinta. Ban yi karatu ba, amma na gane ba duk abin da ka haifa ake bar maka ka raina ba.

Washegarin ranar da muka yi wannan magana da Yaya, da safe na ɗaure 'yan kayanta a bayan babur, na ɗora ta a kan tanki. Har muka wuce garin Tsamiya tana tambayata ko kasuwa za mu.