Kekena na Katako

Bara ɗiyata ta nuna mini hoton keken farko da aka ƙera a Turai, a wayarta. Katako ne da taya biyu, ba feda ba sarƙa, mutum na zaune yana tura ƙasa da ƙafa. Ita dariya take yi. Ni ban yi ba, don na hau irinsa.

A gidanmu na Tudun Kaya, keke ɗaya ne, na Baffa, ƙanen mahaifina. A zaure yake jingine da shi, kullum a goge. Wata rana na kaɗa ƙararrawarsa, ya murɗe mini kunne ya ce idan ina son keke in je in ƙera nawa. Gatse ya yi mini, ni kuwa na ɗauka umarni ne.

Na samo tsofaffin tayoyin baro biyu a wajen wani magini, kafintan unguwarmu ya bar mini guntayen katako da lanƙwasassun ƙusoshi. Na miƙar da su da dutse. Innata ta ɗinka mini sirdi da tsumma. Abin da ya fito bai da kyan gani, kansa ma da ƙyar yake juyawa, amma yana tafiya.

Ranar kasuwar Karaye Inna ta aike ni sayen gishiri, na haye abina. Manoma suna ɗagowa daga gona suna kallo, yara suna bina da ihu. A rabin hanya Baffa ya cim mini, ya taka burki.

"Sauka ka jefar da shi a daji. Kana ba mu kunya."

"Baffa, ka yi haƙuri, kai ka ce in ƙera."

"Na ce ka sauka."

Na gaishe shi da ladabi, na tura ƙasa na wuce. A gangaren gaba keken ya kwashe ni, ba burki, sai ga ni na faɗa cikin gonar dawa. Gwiwata ta fashe. Ina jin Baffa yana tahowa, na yi sauri na tashi na sake hayewa, don kada ya same ni a ƙasa.

Da yamma na sha bulala a hannun Baffa. Inna ta karɓi gishirinta, ta wanke mini ciwon da ruwan ɗumi. Washegari na jingine kekena a zaure, daura da nasa. Ya fitar da shi waje, na mayar. Haka muka yi ta yi har damina ta wuce, katakon ya ruɓe.