Lik Wagiran, Wanda Suka Ce Kada A Sallata

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran Lik Wagiran Sastrodimedjo, ƙanin mahaifina, a gidansa da ke ƙauyenmu a Commewijne, ƙasar Suriname, yana da shekara tamanin da takwas. Ana tsuga ruwa irin na wannan wata, ya fito baranda ya zuba wa tsuntsunsa tsaba, ya zauna a kujerarsa, bai sake tashi ba. Kafin azahar labari ya kai Paramaribo, babban birninmu, ya kai wa 'ya'yansa a Rotterdam ta ƙasar Holan. Kafin magariba kwamitin masallacinmu ya zauna ya yanke cewa ba za a sallace shi ba. Wannan hukunci ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ba ni da niyyar sassauta murya.

Lik, baffana, laifinka ɗaya ne a wurinsu: yamma kake kallo in za ka yi salla. Haka mahaifiyarka, kakata, take yi a Java kafin a ɗoro ta a jirgin ruwa a kawo ta Suriname saran rake, domin a can Makka tana yamma da mutum. Da suka sauka, babu wanda ya gaya musu sun wuce Makka sun baro ta a baya. Suka gina masallaci yadda suka saba. Daga baya masu karatu suka zo suka ce a juya gabas. Wasu suka juya, wasu suka ƙi, ƙauye ɗaya ya tashi da masallaci biyu. Mahaifina ya juya, kai ka ƙi. Shekara talatin da ɗoriya kuna giftawa a kan gadar katako ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ko ci kanka ba mai ce wa wani.

Ni ma ba wankakke ba ne. Shekarar da na dawo daga karatu, da sabon gemu da kai a kumbure, na shigo masallacinku bayan la'asar na ajiye kamfas, na'urar nuna alƙibla, a kan tabarmarka, a gaban jama'arka. Ka ɗauka ka jujjuya shi, ka yaba kyansa, sannan ka miƙo mini. Ka kira ni Le, wato yaro, yadda kake kirana tun ina rarrafe har na yi furfura.

"Le, na yarda allurarka ba ta ƙarya. Amma uwata ta yi shekara hamsin tana sa goshinta ta nan, da ƙaiƙayin rake a jikinta. In na juya yau, na ce mata duk a banza ta yi. Ga kabarinta can, kai ka je ka gaya mata."

Na fita ina huci. Har gobe ina cewa alƙibla gabas take, kuma na faɗa maka sau ba adadi, kana dariya kana turo mini kwanon soyayyen rogo da kifin gishiri. Ban canza ba, kai ma ba ka canza ba, kuma ba ka taɓa hana ni kujera a barandarka ba.

Kai ne kaum na masallacin yamma: kai ke jan salla, kai ke ɗaura aure, kai ke wanke gawa. Shekarar da aka ba mu 'yancin kai, rabin ƙauyen nan ya kwashe ya tafi Holan, aka bar tsofaffi da gidaje masu yoyo. An nemo maka wurin zama a jirgi ka ce ba ka da rigar sanyi. Kai ka riƙa hawa rufin mutane da guduma, matarka Bulik Tuminah tana bi gida gida da tukunyar miya. Wanda ya mutu ka binne shi, ka sa a rubuta wa 'ya'yansa a wace bishiya kabarin yake. Ba ka taɓa tambayar ina mamacin yake kallo ba kafin ka naɗe hannun riga.

Kuma ba mutum ne mai ɗaure fuska ba. Duk Lahadi da sassafe ka ɗaura kejin twatwarka, tsuntsun nan naka mai waƙa, a bayan babur, ka haye kogi zuwa filin da ake gasar kukan tsuntsaye a birni. Shekara ashirin ba ka taɓa ci ba. Abokanka baƙaƙen fata da Indiyawa suna yi maka tsiya, wai beben tsuntsu ka sayo, kai kuma ka ce a'a, ɗan Java ne, yana da kunya, ba ya ɗaga murya a gaban manya.

Ranar da mahaifina ya rasu, ruwa ya cika maƙabarta, duk inda aka sa shebur sai ya zama rijiya. Matasan masallacinmu suka tsaya cirko-cirko. Sai ga ka da bokiti, kana da shekara saba'in, ba wanda ya kira ka. Ka shiga ramin kana kwalfe ruwa har aka samu ƙasa. Da aka miƙo maka yayanka, wanda ya yi shekara talatin bai gaishe ka ba, ka ɗago kai ka tambaye ni ina nake so a sa fuskarsa. Na ce gabas. Ka kwantar da shi gabas da hannunka, ka gyara masa kai a hankali, ka ce, "Sai na zo, Kang." Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Wannan mutumin ne aka ce kada a sallata. Masallacin yamma tsofaffi biyar suka rage a cikinsa, babu mai iya jan jana'iza sai kai, don haka nauyin ya faɗo kanmu. Haji Ruslan, shugaban kwamiti, ya ce an yi shekara arba'in ana nuna maka hujja ka kafe, wanda ya sallace ka ya goyi bayan ɓata. Ya ce ba za a fitar da makara ba, ba za a yi shela a lasifika ba. Na tambaye shi wa ya wanke mahaifinsa lokacin da yake Holan yana jiran jirgi. Ya ce wannan wata magana ce daban. Na ce wallahi magana ɗaya ce, mutum ya mutu da kalmar shahada a bakinsa, ya yi shekara tamanin yana sa wa Allah goshi a ƙasa sau biyar a rana, hisabin inda ya kalla ba a hannun kwamitin mutum bakwai yake ba.

Da safiyar Laraba na hau babur na bi gida gida ina faɗa da bakina. Makarar masallacin yamma gara ta cinye ƙafafunta. Baldew kafinta, maƙwabcinka Bahindu, ya zo da ƙusa da katako ya gyara ba tare da an roƙe shi ba. Ni na wanke ka, yadda na ga kana yi. A tsakar gidanka muka ajiye ka, ruwa yana dukanmu. Mutum talatin da ɗaya suka zo, na ƙirga. A ƙauyen da ka binne wa fiye da mutum ɗari uku, talatin da ɗaya. Wasu suna leƙe ta taga, na gan su, su ma sun san na gan su.

Da na tsaya na fuskanci gabas, tsofaffin nan biyar suka yi turus. Mbah Paimo, babbansu, ya tambaya su ina za su kalla. Bulik Tuminah ce ta amsa daga baranda.

"Ya sa fuskar yayansa gabas, hannunsa bai karye ba. Ku tsaya bayan yaron nan, ruwa yana dukan mijina."

Suka tsaya. A bakin kabari ta aiko a gaya mini wasiyyarka: wanda ya sauke ka ya kwantar da kai yadda ya sani, Allah ba zai rasa fuskarka ba. Na kwantar da kai kusa da mahaifiyarka, yadda na sani.

Washegari kwamiti ya aiko mini da takarda, sun sauke ni daga na'ibin liman. Na mayar musu da makullin masallaci kafin tawadar ta bushe. Ranar Juma'a na je na yi sallata a sahun baya, kuma zan ci gaba da zuwa, don masallacin ba na gidan kowa ba ne. Da za a dawo da ranar Laraba sau goma, sau goma zan tsaya a kanka.

Allah Ya jiƙan ka, Lik. Ya yafe maka kurakuranka, waɗanda ka sani da waɗanda ka gada. Ya dubi goshinka da ya sha ƙasa, da hannuwanka da suka suturta bayinSa, Ya yalwata kabarinka, Ya haɗa ka da mahaifiyarka da yayanka a Aljanna. Mu da muka rage Ya yafe mana, har da waɗanda suka rufe makara, domin su ma suna buƙata. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yansa, Kang Sukardi da Yu Marsih da ke Rotterdam, da jikoki, da tsofaffin masallacin yamma da suka rasa mai tsaya musu gaba.

Ta'aziyyata ta ƙarshe gare ki ce, Bulik. Ranar sadakar uku kin ja ni gefe, kin riƙe hannuna, kin ce, "Le, ni ma yamma nake kallo. In tawa ta zo, sai kwamitin ya sake zama?" Ga amsata nan a rubuce, don su ma su karanta. Matata da 'ya'yana mata za su wanke ki. Ni zan sallace ki, in kuma na riga ki tafiya, na sa ɗana ya rantse mini zai yi. Allah Ya ba ki haƙurin rashi. Ki kwantar da hankalinki, ba za ki kwana a baranda kina jiran izinin kowa ba.