Moɗar Iya Hari

Ga ta nan tafe, ku matso ku tare ta. Wannan kam ba ƙanzon kurege ba ce, a gabana aka yi.

A ƙauyenmu, gabas da Zango, mun tashi a gaban kakarmu, Iya Hari. Bayan sallar isha'i takan tura kara a murhu mu kewaye ta, ƙanena Ilu a jikin ƙafarta. Babanmu shi ne ɗan farinta, don haka ba ta kama sunansa, ba ta tsayawa ta yi masa magana ido da ido. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan na zaure".

Ilu bai isa kaciya ba ya fara jiƙa tabarma. Da rana in ya tsuguna sai ya yi ta nishi, yana jan gabansa yana kuka, fitsarin ya zo ɗis-ɗis ya yanke. Aka ce lalaci ne da rashin kunya. Yara suka ɗaura masa kwaɗo a ƙugu suka zaga gari da shi. Baba kuwa ya kafa doka: daga la'asar kada wanda ya ba shi ruwa. Ga bazara ta kankama, ga yaro yini yake a bayan awaki. Leɓɓansa duk suka tsage.

Da dare ya yi sai Iya ta ja tabarmarta jikin randa, ta ɗauki moɗa.

"Tatsuniyar yau mai doka ce," in ji ta. "Duk inda mai ƙorama ya ce wayyo, kowa sai ya kurɓa. Wanda ya ƙi, kunnensa ya toshe."

Wai wani mutum ne ya gina ɗaki a bakin ƙorama, kullum ruwa ya taɓa masa tabarma. Ya fusata, ya je can sama ya datse ta. Tabarma ta bushe, ya yi ta murna. Ashe yashin da ruwa ke wankewa ya samu wurin zama. Ya taru, ya daskare, ya zama dutse a maƙogwaron ƙorama. Ran da ƙishirwa ta kama mutumin ya buɗe datsiyar, sai dutse ya tare hanya, ƙorama na nishi, ruwa na zuwa ɗigo-ɗigo.

Wayyon mutumin nan ba ta ƙirguwa. Mu kurɓi-kurɓi ake ba mu, amma in moɗa ta zo kan Ilu sai Iya ta cika ta fal.

"Baba ya hana," ya ce a hankali.

"Sha, angona. Wancan na zaure ruwan gida ya hana, wannan na tatsuniya ne. Miji mai ƙishirwa me zai noma mini?"

Sai ta ɗaga murya yadda za ta haura katanga, tana kallon wuta. "Na daɗe ina ganin irinsa, a ruga da gari. Galibi maza ne ƙanana, waɗanda aka yaye da koko zalla babu nono, masu yini a rana. Yaro ba ya kukan ƙarya a makewayi."

Muka ji tarin Baba daga zaure. Kashegari tatsuniyar nan aka sake, jibi ma ita. Ran kasuwa da asuba Baba ya saɓa Ilu a kafaɗa, suka hau mota zuwa asibiti a Daura. Aka yi masa aiki, aka ciro tsakuwa daga mafitsararsa, ta fi ƙwallon dabino. Likita ya ce ciwon na yawaita ga yara a ƙasa mai zafi, inda ruwan sha da nono suka yi musu kaɗan.

Da suka dawo Baba bai shiga ɗakin Iya ba. Ya sa tsakuwar a cikin moɗa ya ajiye a bakin ƙofarta, ya durƙusa can nesa. Iya ta duba, ta juyo gare ni.

"Ke, gaya wa mai ƙorama Allah ya yi masa albarka."

A lokacin na ɗauka wayo ne kawai na shayar da yaro. Sai da na haifi nawa ɗan farin na gane nauyin abin: ta gyara ɗanta, ba ta kunyata shi ba, ba ta kuma karya kunyarta ba.

Iya ta rasu da damina, Allah ya jiƙanta. Baba ya tsufa, duk yaron da ya shigo zaurensa sai ya ce, "Ka sha ruwa?" Ilu yanzu dillalin shanu ne a Mai'adua, gorar ruwa ba ta barin kafaɗarsa. Ni kuwa ga ni jikin randa, moɗa a hannuna. Ta ƙare nan. Ku matso, kowa ya kurɓa.