Fiyanon Katako na Babana

Babana ya shekara huɗu yana koya mini kiɗan fiyano, kuma a duk shekarun nan ban ji sautin fiyano ba ko sau ɗaya. Gidanmu a Kabara gidan malamai ne. Baffa, yayan Baba, shi ne mai gida, kuma tun ranar da ya ji ƙanensa ya koyo kiɗa wajen wata Baturiya a kwalejin horon malamai ya yanke hukunci: “Mu ba maroƙa ba ne. Abin kiɗa ba zai ƙetare soron nan ba ina da rai.”

Ba a yi wa Baffa musu. Sai Baba ya je wajen kafinta aka goge masa wani dogon katako, ya zauna da alƙalami da tawada ya zana madannan fiyano a kai, farare da baƙaƙe, bai tsallake ko ɗaya ba. Baffa ya zo ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya ce wannan dai katako ne, babu laifi. Yayyena maza duk suka zille. Ni aka kama, ina 'yar shekara tara, ban yi wayon gudu ba.

Kullum bayan la'asar sai Baba ya ɗora katakon a kan turmi biyu, ya jawo rikoda, ya saka kaset ya danna. Baturiyar nan haka take yi, saboda haka a wajen Baba darasin da ba a ɗauka a kaset ba hira ce kawai. Daga nan sai ya juya mini baya, ya fuskanci bango, ya rufe ido, wai malamin kirki da kunne yake koyarwa. Ni kuwa in ta buga yatsu: ƙwas, ƙwas, ƙwas.

“Tsaya! Ya yi tsami.”

“Baba, mene ne ya yi tsami?”

“Sautin mana. Baƙi ake nema, kin taɓa fari.”

“Ai katako ne, duk ƙwas ne!”

“A kunnenki ba. Koma farko.”

Wallahi haushi kamar ya kashe ni. Ƙawayena suna gaɗa a waje, ni ina ɗaki ana yi mini faɗa a kan sautin da babu shi. Akwai wani wuri guda a tsakiyar kiɗan da kullum a nan yake tsayar da ni, har na ƙudura a raina cewa lokacin kawai ya haddace.

Wata rana Goggo, ƙanwar kakarmu, ta ga katako da tawada a jingine, ta ɗauka rubutu ne, ta wanke shi tas a ƙwarya ta shanye saboda tarin da ya dame ta. Tarin ya tafi. Baba ya wuni yana sake zane, ita kuma ta riƙa aiko da tambayar yaushe zai kuma rubutawa.

'Yan unguwa dai sun gama magana: boko ya taɓa Malam. Ni ma, Allah ya yafe mini, haka na yarda. Da na tafi makarantar kwana aka daina darasi, katakon ya zama benci, daga baya ya shiga murhu a wani biki. Baba ya rasu ya bar akwati cike da kasusuwan kaset. Yayyena suka ɗauki waƙoƙin Indiya a kan wasu, damina ta cinye sauran, guda ɗaya ya tsira.

Bara, a taron sunan jikan babban yayanmu, shi yayan ya zaƙulo kaset ɗin ya kunna don a sha dariya. Aka kuwa sha, har da masu riƙe ciki. A hanyar gida, cikin adaidaita sahu, 'yata ta fari, wadda ba ta riski Baba ba, ta ce, “Umma, da gaske Kaka mahaukaci ne?”

Na buɗe baki in yi mata tsawa, sai na tuna ni ma haka na yarda a da. Abin ya tsaya mini a rai. Yarinyar nan ba ta san komai na kakanta ba sai wannan kaset da wannan dariya.

Na karɓo kaset ɗin, muka tafi da ita wani situdiyo wajen Ƙofar Na'isa inda ake buga waƙoƙin biki, don a tura mini a waya kafin shi ma ya lalace. Mai wurin dattijo ne mai furfura. Ya saurara na ɗan lokaci, ya ce, “Hajiya, kiɗan ya goge, sai ƙarar kafinta ta rage. Amma faɗan nan yana da amshi. In cire ƙwas ɗin in sa masa kiɗa a ƙasa?”

Na ba shi labari. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya yaye ƙyallen da ya rufe fiyanonsa ya ce, “To bismillah, gani ya kori ji.”

Na ɗora yatsa, madannin ya nutse, na zabura na janye hannu. Ban san suna nutsewa ba. Ya mayar da kaset ɗin farko ya kunna, muryar Baba ta ce “Fara,” sai kawai yatsuna suka tafi da kansu, suna bin ƙwas ɗin yarinyar da ke cikin kaset. Wani kiɗa ya fito, a hankali, mai sanyi, mai sa mutum ya tuna waɗanda ya rasa. Ashe abin da na shekara huɗu ina bugawa ke nan ina zumɓura baki.

Da muka iso tsakiya, yatsana ya sauka inda ya saba sauka, sautin ya fito a karkace har 'yata ta yamutse fuska. A daidai wannan lokacin Baba ya daka tsawa daga cikin kaset ya tsayar da ni.

Mai situdiyo ya gyara hularsa ya ce, “Allah ya jiƙan Malam.” 'Yata ta ce, “Umma, ai ke ce kika yi kuskure.” Ni dai hawaye nake yi, na kunya da na daɗi. Yadda aka yi Baba ya ji ta cikin katako, yana ba ni baya, har yau ban sani ba.

Dattijon ya nuna mini baƙin madannin da ya kamata in taɓa, yana nan dab da farin, ya ce a maimaita in gyara. Ya mayar da kaset ɗin baya. Da muka zo wurin na ga baƙin sarai, na sake danna farin.

“Hajiya, ga shi nan fa na nuna miki.”

Na ce na gani. Amma kaset ne, ko na gyara sai Baba ya yi faɗan, ni kuwa ba zan bari ya zama shi ne mai kuskure a gaban jikarsa ba.