Kazar da ba ta gudu ba

'Yan uwa, yau an kashe min Gimbiya a gaban idona, kuma wai ni ce mai laifi.

Kun san Gimbiya, kazata ta ado, mai gashin nan buzu-buzu har yatsun ƙafa. Ɗazu da hantsi an bar ƙofa a buɗe, ta fice ta shiga gidan maƙwabciyata Inna Ladi. Ina wanke-wanke na ji salati. Na yafa mayafi na ruga.

Na tarar mata sun cika tsakar gida. Ashe jikan Inna kwana uku ke nan yana zazzaɓi. Inna na ganina ta nuna ni da taɓarya.

"Ga mai ita nan! Kazar boka kika turo mana ta yi wa jikana asiri, ko?"

Na ce, "Haba Inna, kazar ado ce. A kasuwar Mai'adua na saye ta, irinsu haka gashinsu yake."

Ta ce, "Kaza da safa a ƙafa? Ni za ki raina wa hankali?"

Sai ta durƙusa. Ita kuwa Gimbiya ta saba in na durƙusa, tsaba zan ba ta. Ta tako a hankali har gaban Inna, ta miƙa wuya. Bugu ɗaya Inna ta yi mata da taɓaryar nan, ko shurawa ba ta yi ba.

Inna ta ture gawar da ƙafa, ta dubi matan.

"Kun gani da idonku? Kazar Allah da Annabi ai gudu take yi."

Duk suka gyaɗa kai, suka ce in ba Inna haƙuri.